Huhu bayan mummunar cutar bairas: wa ke warkewa, wa ke tafiya da tabo?

Mutum ya kwanta asibiti da nimoniya mai tsanani wadda ƙwayar bairas ta haddasa. An sa masa oksijin, ya sha da ƙyar, gwaji ya nuna ƙwayar ta bar jikinsa, aka sallame shi. To me ya sa bayan wata huɗu, ko ma shida, yake haki in ya hau matakalar bene, ko numfashi ya yanke masa a tsakiyar magana? Huhun ya lalace ke nan har abada, ko lokaci kawai yake nema?

Annobar korona ce ta jefa wannan tambaya bakin kowa, amma tambayar ta girmi korona nesa ba kusa ba. Likitoci sun daɗe suna ganin haka bayan mura mai tsanani, bayan ƙyanda, bayan SARS da MERS, wasu cututtukan numfashi biyu 'yan uwan korona. Jama'a kuwa sun rabu gida biyu, kowane gida da irin kuskurensa. Wasu na ganin tunda an sallami mutum ai magana ta ƙare, sauran ƙorafin da yake yi ragwanci ne ko tsoro. Wasu kuma da zarar likita ya ambaci tabo a huhu sai gwiwarsu ta yi sanyi, su ɗauka kwana ya ƙare. Abin da bibiyar majinyata ta nuna shi ne mafi yawan huhu na gyaruwa, sai dai a hankali. Kaɗan ne ke tafiya da tabon da ba ya gogewa. Sannan hakin da ake ɗora wa huhu laifinsa sau da yawa daga wani wuri yake tasowa.

Inda ɓarnar take aukuwa

Iskar da muke shaƙa tana gangarawa ta maƙogwaro zuwa bututun iska. Bututun ya rabu biyu, kowanne ya yi ta rarrabuwa yana ƙara sirancewa fiye da sau 20, har a kai ga wasu 'yan jakunkunan iska da ido ba ya iya ganinsu ɗaya-ɗaya. Baligi yana da ɗaruruwan miliyoyinsu. Kowace jaka kewaye take da siraran jijiyoyin jini, kuma tantanin da ya raba iska da jini, a inda ya fi siranta, bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Ta nan oksijin ke ratsawa ya shiga jini, gurɓatacciyar iska ta fito. Amfanin huhu duka a kan sirantar wannan tantani ya rataya.

Ƙwayoyin halitta iri biyu ne suka lulluɓe cikin jakar. Na farko faffaɗa ne sirara, ta jikinsu iska ke wucewa, kuma in sun mutu ba su da ƙarfin maye gurbin kansu. Na biyu ƙanana ne amma aikinsu biyu: suna fitar da wani ruwa mai santsi da ke hana jakar mannewa in an fitar da numfashi, kuma su ne ke hayayyafa su cike gurbin na farkon da suka mutu. Mura mai tsanani da korona duk suna iya kama wannan nau'i na biyu. Ke nan ƙwayar ba ɓarna kaɗai take yi ba, har masu gyaran ɓarnar take kashewa.

Lokacin da garkuwar jiki ta wuce gona da iri

Mura ta yau da gobe a hanci da maƙogwaro take tsayawa, shi ya sa ba ta barin komai a baya. Matsala tana farawa ne in ƙwayar ta gangara har cikin jakunkunan. Sojojin jiki su yi tururuwa zuwa wurin, jijiyoyin jini su saki, ruwa mai kauri ya tsiyayo ya cika inda ya kamata iska ta zauna. Sinadaran da sojojin ke fesawa don kashe ƙwayar suna cin tantanin huhun shi ma. A majinyata da yawa, lokacin da jiki ya fi rikicewa ƙwayar ta riga ta fara ja da baya, kumburin ne ya ƙi lafawa. Dalilin da ya sa ke nan maganin danne kumburi, dezametason, ya yi rana a korona: a watan Yunin 2020 gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar a tsakanin masu buƙatar oksijin kawai. Waɗanda ba sa buƙatar oksijin kuwa bai tsinana musu komai ba.

In ruwan ya mamaye huhun duka biyu har oksijin na jini ya faɗi warwas, likitoci na kiran wannan hali ARDS. A 1967 aka fara bayyana shi a rubuce, lokacin da wasu likitoci a birnin Denver na Amurka suka ba da rahoton majinyata 12 da huhunsu ya sandare, oksijin ɗin da ake ba su ya kasa ɗaga na jininsu. Ba bairas kaɗai ke kawo shi ba, haɗari mai muni da gubar ƙwayoyin cuta a jini duk suna yi. Amma galibin tabon da ake magana a kai daga nan yake samo asali.

Wajen mako na biyu jiki yake fara gyara. Ƙwayoyin nau'i na biyu da suka tsira su yi ta hayayyafa, wasu ƙwayoyin kuma su saƙa wani zare mai ƙarfi da ake kira kolajin su toshe inda ya yage. Wannan toshiya ta wucin gadi ce. In kumburi ya lafa a kan lokaci, jiki yana narkar da ita ya mayar da tantanin yadda yake. In kuwa ɓarnar ta yi zurfi ko ta daɗe, saƙar ba ta tsayawa, zaren ya taru ya yi tauri. Duk wanda ya ga fatar da ta ƙone ta warke ya san halin tabo: ya rufe ciwon, amma ba ya miƙewa, ba ya gumi, gashi ba ya fita a kansa. Haka yake a huhu, ya rufe wurin amma ba ya aikin wurin.

Illarsa biyu ce. Huhu mai tabo yana da tauri, sai da ƙarfi yake buɗewa, don haka mutum ya koma numfashi gajere-gajere da sauri. Sannan tantanin ya yi kauri, oksijin na ɗaukar lokaci kafin ya ratsa. A nan amsar tambayar matakalar bene take. In mutum na zaune, jini yana ɗaukar kusan kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa yana wucewa ta gefen jakar iska, alhali lafiyayyen huhu kashi ɗaya cikin huɗu ya ishe shi ya cika jinin da oksijin. Akwai rara. Tantani mai kauri yana cinye rarar nan, amma a zaune ba a ganewa. Da mutum ya motsa, zuciya ta ƙara gudu, jinin ya riƙa wucewa da sauri, sai ya fita bai cika ba. Shi ya sa majinyaci zai zauna gaban likita lafiya lau, ya fita ya kasa kaiwa bakin titi.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne bakteriya, da ke samun ƙofa a buɗe bayan bairas ta kware rufin hanyoyin iska. Binciken da aka yi daga baya a kan naman huhun waɗanda annobar mura ta 1918 ta kashe ya nuna nimoniyar bakteriya ce ta ƙarasa mafi yawansu.

Na'urar numfashi: laifinta da wanda ba nata ba

An yi ta yaɗa cewa na'urar numfashi ce ke lalata huhu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an juya ta. A numfashi na ɗabi'a ƙirji ne ke buɗewa ya zuƙo iska. Na'ura kuwa turawa take yi. Huhun da ruwa ya cika rabinsa, iskar da aka tura duk sai ta tafi ɓangaren da ya rage lafiya, ta buɗe shi fiye da kima har ya yage. Oksijin mai yawan gaske na tsawon kwanaki shi ma yana da tasa illar.

Likitoci sun san da wannan, kuma sun biya shi da tsada kafin su gane. A shekarar 2000 wani babban gwaji a Amurka ya kwatanta tura iska mililita 12 a kan kowane kilo na nauyin da ya dace da tsayin majinyaci da tura mililita 6. Mutuwa ta sauko daga kusan kashi 40 cikin 100 zuwa 31. A 2013 wani gwajin a Faransa da Sifaniya ya nuna kwantar da masu ARDS mai tsanani rub-da-ciki na tsawon sa'o'i a kowace rana ya rage mutuwa cikin kwana 28 daga kusan kashi 33 zuwa 16. Dukansu sun zama ƙa'ida yanzu.

Abin da masu zargin suke mantawa shi ne ba a ɗora kowa a kan na'urar sai wanda huhunsa ya riga ya kasa. In an ga tabo ya fi yawa a tsakaninsu, kaso mai tsoka na ciwon ne da ya kai su can. Kuma majinyacin da ke fizgar numfashi da ƙarfin tsiya na kwanaki, shi ma yana ja wa huhunsa irin wannan yagewa da kansa. A ganina, iyalin da suka hana a sa wa ɗan'uwansu na'ura don gudun tabo sun guje wa abin da ake rayuwa da shi ne zuwa ga abin da ba a tashi.

Abin da SARS, MERS da korona suka nuna

SARS ta ɓulla a lardin Guangdong na ƙasar Sin a ƙarshen 2002, ta kama mutum sama da 8,000, ta kashe 774. A Hong Kong an bibiyi waɗanda suka tsira, aka tarar bayan shekara guda kusan kashi ɗaya cikin huɗu har yanzu oksijin ba ya ratsa huhunsu yadda ya kamata. A Beijing kuma an bi wasu ma'aikatan lafiya da suka kamu har tsawon shekara 15. Abin da ya fito daga nan shi ne mafi amfani ga mai jinya: galibin gyaruwar a shekarar farko ta faru, daga nan abin ya tsaya cak, bai ci gaba da gogewa ba, bai kuma ci gaba da yaɗuwa ba. MERS, wadda aka fara ganowa a Saudiyya a 2012, ta fi kisa, kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu, kuma a cikin masu tsira an ga alamun tabo a hoton ƙirji, musamman tsofaffi da waɗanda suka daɗe a sashen kulawa ta musamman.

Korona ta ba da alƙaluma masu yawa saboda yawan waɗanda ta kwantar. A watan Janairun 2021 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa bibiyar mutum 1,733 da aka sallama daga asibitin Jin Yin-tan na Wuhan. Bayan wata shida, a cikin waɗanda aka auna huhunsu, raunin ratsawar oksijin ya bayyana a kashi 22 cikin 100 na waɗanda ba su buƙaci oksijin ba, kashi 29 na waɗanda suka buƙata, da kashi 56 na waɗanda sai da aka haɗa su da na'ura ko oksijin mai ƙarfin gudu. Tsanin a bayyane yake: iya tsananin ciwon, iya abin da ya bari. A Birtaniya wani kiyasi ya nuna har kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka kwantar suna iya fita da saura a hoton huhu.

Sai dai a karanta waɗannan lambobi da lura. Majinyatan Wuhan na farkon 2020 ne, kafin riga-kafi, kafin a tabbatar da amfanin dezametason, kafin nau'in Omikron da ya bayyana a ƙarshen 2021 wanda ya fi tsayawa a saman hanyoyin iska. Kuma kusan babu wanda aka auna huhunsa kafin ya kamu, don haka wani raunin tsoho ne, na taba sigari ko ƙurar wurin aiki ko tsohon tarin fuka. Wanda ya yi korona ko mura a gida, bai buƙaci oksijin ba, da wuya ƙwarai ya samu tabo na dindindin. Waɗanda ke sahun gaba su ne masu shekaru, masu shan taba, masu ciwon huhu tun da farko, da waɗanda suka yi makonni a kan na'ura.

Ba kowane fari a hoto ne tabo ba

Hoton CT, wanda ke nuna cikin huhu dalla-dalla fiye da hoton ƙirji na yau da kullum, bayan irin wannan jinya yakan nuna abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai wani fari dishi-dishi da ake hango jijiyoyi ta cikinsa. Wannan galibi ragowar kumburi ne ko ruwa, kuma yakan washe cikin watanni. Akwai kuma zare-zare masu kauri da suka ja ƙananan hanyoyin iska suka buɗe su suka karkata siffar huhun. Wannan ne ya fi kusa da tabo na gaske. Ko shi ma an ga wani ɓangarensa yana raguwa bayan shekara, abin da ya sa masu karanta hoto da yawa suka daina gaggawar yanke hukunci daga hoton wata uku.

Ga kuma inda tsoro yake shigowa ta bayan gida. Mutum ya ji tabon huhu, ya shiga intanet, ya ci karo da wata cuta mai suna IPF, ya karanta cewa ba tare da magani ba rabin masu ita ba sa wuce shekara 3 zuwa 5. IPF daban ce. Tabo ne da ke tasowa ba tare da sanannen dalili ba, yawanci a tsofaffi, kuma kullum ƙaruwa yake. Tabon bayan bairas kuwa sawun ɓarnar da ta riga ta wuce ne, kuma a mafi yawan mutane yana tsayawa inda ya tsaya. Akwai 'yan kaɗan da nasu ke ci gaba, kuma a cikinsu akan tarar da waɗanda dama suna da ciwon a ɓoye, bairas ce ta tona shi. Domin su ne ake maimaita awo maimakon a tsaya a kan na farko.

Haki ba daga tabo kaɗai yake zuwa ba

A nan ne aka fi yin kuskure, har a tsakanin ma'aikatan lafiya. Hoton ƙirji ya fito fes, sai a ce wa mutum ba abin da ke damunsa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Na farkon abin zargi shi ne jini. Ciwo mai tsanani da doguwar kwanciya suna sa jini daskarewa, korona kuma ta yi fice a wannan. Wani binciken gawa da aka wallafa a 2020 ya tarar ƙananan gudajin jini a jijiyoyin jakunkunan iska sun ninka sau 9 a waɗanda korona ta kashe idan aka kwatanta da waɗanda mura ta kashe. Gudan jinin da ya toshe jijiyar huhu ba ya fitowa a hoton ƙirji na yau da kullum. Iska tana shiga, amma babu jinin da zai karɓe ta. Wannan yana da magani, kuma barinsa yana iya kisa ko ya gajiyar da ɓangaren dama na zuciya. Masu bincike a Oxford da Sheffield ma sun yi amfani da hoton MRI, wato hoton na'urar maganaɗisu, da wata iskar gwaji mai suna zinon da ake shaƙa, suka ga raunin ratsawar iska a wasu da hoton CT ɗinsu bai nuna komai ba.

Sai hanyoyin iskar. Wasu suna buɗewa fiye da kima su kasa fitar da majina, mutum ya zama mai tari da kaki kullum, ƙwayoyin cuta na yawan komowa. Wanda aka zura wa bututu a maƙogwaro na tsawon lokaci kuma, wurin yana iya tsukewa bayan makonni, ya riƙa fitar da ƙara in ya ja numfashi. Sau da yawa akan ɗauka asma ce a yi ta ba shi abin shaƙa, alhali aikin likitan maƙogwaro ne.

Amma babban abin da ba a ba shi haƙƙinsa shi ne tsoka. A Toronto ta Kanada an bibiyi mutum 109 da suka tsira daga ARDS. Lokacin da suka bar sashen kulawa ta musamman sun zubar da kusan kashi 18 cikin 100 na nauyinsu. Bayan shekara 5 awon huhunsu ya koma daidai ko kusa da daidai, amma nisan da suke iya takawa cikin minti 6 bai wuce kashi 76 cikin 100 na abin da ake tsammani daga sa'o'insu ba. Huhun ya farfaɗo, jikin ne bai bi shi ba. Har faffaɗar tsokar da ke raba ƙirji da ciki, wadda ita ce ke jan numfashi, tana ramewa in na'ura ta karɓe mata aiki na kwanaki. Tsokar da ta yi rauni kuwa tana neman oksijin fiye da lafiyayya kafin ta yi aiki iri ɗaya.

Akwai kuma kumburin tsokar zuciya, da ƙarancin jini, da numfashin da ya rikice ya koma sama-sama ta ƙirji ko da huhun ya warke. Firgicin wanda ya taɓa jin yana shaƙewa ma ciwo ne na gaske, ba shagwaɓa ba. Doguwar korona, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace a watan Oktoban 2021 a matsayin alamun da ake gani wajen wata 3 bayan kamuwa, suka ɗauki aƙalla wata 2, kuma babu wani ciwon da zai bayyana su, ta fi tabon huhu faɗi. Da yawan masu ita huhunsu ƙalau yake.

Awon da ke raba gardama

Ƙungiyar likitocin ƙirji ta Birtaniya ta ba da shawara a 2020 cewa a sake ɗaukar hoton ƙirjin wanda korona ta yi wa nimoniya bayan mako 12, waɗanda suka fi jin jiki kuma a tuntuɓe su tun mako 4 zuwa 6. Ma'aunin ya dace da sauran nimoniyar bairas mai tsanani. In hoto bai washe ba ko haki bai tafi ba, sai a wuce zuwa awon hurawa, wanda ke nuna yawan iskar da huhu ke ɗauka da saurin fitar da ita, da awon DLCO, inda mutum ke shaƙar ɗan mitsitsin iskar gwaji ya riƙe na daƙiƙa 10 a ga nawa ya ratsa cikin jini. Wannan na biyun shi ya fi saurin tona asirin tantani mai kauri. Mafi sauƙinsu duka shi ne tafiyar minti 6 da 'yar na'urar awon oksijin a yatsa, domin faɗuwar da ba ta bayyana a zaune a nan take fitowa.

Game da 'yar na'urar yatsan nan akwai abin da ya kamata mai baƙar fata ya sani. Da haske take aiki, kuma launin fata yana shafar karatunta. A watan Disamban 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna cewa samun ƙarancin oksijin a jini alhali na'urar na nuna lafiya ya ninka kusan sau 3 a baƙaƙen fata idan aka kwatanta da farare. Lamba mai kyau a yatsa ba ta soke hakin da mutum yake ji.

Wasu alamun ba sa jiran mako 12: hakin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ciwon ƙirji na farat ɗaya, tari da jini, kumburin ƙafa ɗaya, suma. Tarin da ya wuce mako biyu tare da rama da gumin dare kuwa, a gwada tarin fuka kafin a ɗora wa bairas ɗin da ta wuce.

Gardamar magani

Babu ƙwayar da ke goge tabon da ya riga ya kafu. Gardamar likitoci a kan abin da za a yi kafin ya kafu ne. In hoto ya nuna kumburi na nan da ransa, ɗan gajeren zangon sitiroyid, wato maganin danne kumburi dangin dezametason, yakan taimaka ƙwarai. Masu taka-tsantsan suna cewa da yawan waɗannan majinyata da kansu za su warke, maganin kuma yana tayar da sukari, ya raunana ƙashi, ya buɗe wa wasu cututtuka ƙofa. Indiya ta ga haka a 2021, lokacin da wata cutar fungas mai cin hanci da ido ta kama dubban masu korona, galibinsu masu ciwon sukari da aka ba sitiroyid.

Akwai kuma magunguna biyu, pirfenidon da nintedanib, da Amurka ta amince da su a 2014 domin IPF. Rage gudun tabo suke yi, ba sa mayar da abin da ya tafi, kuma suna zuwa da gudawa, tashin zuciya da wahalar da hanta. Wasu likitoci na ganin a fara su da wuri ga masu tabon bayan bairas su ma. Wasu na cewa tabon da ba ya tafiya ba ya buƙatar birki. Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi ga mafi yawan majinyata, a ajiye magungunan ga wanda awo ya nuna nasa na ƙaruwa.

Abin da ya fi kowanne tabbas ba shi da armashi a kunne: shirin motsa jiki da horon numfashi ƙarƙashin kulawar masana, yawanci na mako 6 zuwa 8. Ba ya canja hoton huhu, amma yana gina tsokar da za ta yi aiki da ɗan oksijin ɗin da ake samu. Sharaɗi ɗaya ne: mai doguwar korona da jikinsa ke rushewa kwana ɗaya ko biyu bayan ɗan aiki, tura shi da ƙarfi ƙara masa ciwo yake yi, nasa sai da awo da hutu. Barin taba da nisantar hayaƙi da ƙura suna cikin maganin, haka riga-kafin mura, korona da nimoniya, tunda huhun da rararsa ta ƙare ba ya jure bugu na biyu. Kaɗan sukan koma gida da oksijin, da yawansu kuma su ajiye shi bayan watanni. Dashen huhu shi ne matakin ƙarshe. Asibitin Northwestern da ke Chicago ya yi wa mai korona dashen huhu biyu a watan Yunin 2020, amma likitocin dashe kan jinkirta da gangan, saboda an ga huhun da aka fid da rai da shi ya farfaɗo bayan makonni.

Yara: lissafinsu daban ne

Huhun jariri bai gama ginuwa ba. Jakunkunan iska suna ci gaba da ƙaruwa bayan haihuwa, musamman a shekarun farko, ƙarfin huhu kuma ba ya kai ƙololuwa sai wajen shekara 20 zuwa 25, daga nan ya fara sauka a hankali. Wannan yana ba yaro damar gyara da babba ba shi da ita. Amma ɓarnar da ta same shi da wuri tana iya hana shi kai ƙololuwar da aka halitta masa, kuma ba za a ga giɓin ba sai shekaru sun ja.

A 2023 Lancet ta wallafa bibiyar mutum 3,589 da aka haifa a Birtaniya a 1946. Waɗanda suka yi ciwon ƙirji kafin su cika shekara 2, haɗarin mutuwarsu da ciwon numfashi kafin shekara 73 ya kusa ninka na sauran, ko bayan an cire tasirin shan taba da halin gidan da suka taso. Ninkin yana da ban tsoro, amma ainihin lambobin kashi 2.1 ne cikin 100 a kan 1.1.

RSV, wata bairas mai kama hanyoyin iska wadda kusan kowane yaro ke kamuwa da ita kafin shekara 2, tana da alaƙa da yawan shaƙewar ƙirji daga baya ga waɗanda ta kwantar. Masana sun rabu a kan ko ita ce ke jawo hakan, ko kuwa yaran da dama hanyoyin iskarsu ƙanana ne take kayarwa. A 2023 Amurka ta amince da riga-kafinta ga tsofaffi da masu juna biyu. Ƙyanda kuwa tun 1963 take da allura, amma inda aka yi sakaci da ita tana nan tana barin yara da hanyoyin iska da suka buɗe suka lalace. Wata ƙwayar mai suna adenobairas kuwa, in ta yi tsanani, tana yin akasin haka, ta toshe mafi ƙanƙantar hanyoyin da tabo. Alamar ita ce yaron da ya tashi daga nimoniya mai tsanani amma bayan mako 6 ko fiye yana nan yana numfashi da sauri, ƙirjinsa na kuka, maganin asma kuma ba ya yi masa aiki. Irin wannan yaro hoton CT da likitan huhun yara yake buƙata, ba ƙarin zagaye na maganin kashe bakteriya ba.